Gangarar Mambila Ba Ta San Alhaji Ba

Mu mutanen Kano Allah ya yi mana baiwa iri-iri, amma bai ba mu tudu ba. Dala da Goron Dutse ne kaɗai abin da muke nuna wa baƙo, Dalar ma matakala aka yi mata. Saboda haka duk Bakanon da ya bugi ƙirji ya ce maka ya ƙware a hawan dutse da babur, ka bincika da kyau, gadar sama ta Ƙofar Nassarawa yake nufi. Ni ma a wannan gadar na yi digirina, kuma ban taɓa ganin dalilin ƙaro karatu ba.

Bidiyon waya ne ya ja ni. Turawa cikin sulke, a tsaye a kan babura, suna keta duwatsu ƙura na bin bayansu. Na yi ta kallo har na gano cewa tufafi ne kawai bambancina da su. Da na ɗauki adashi sai na sayi babur ɗan Kwatano mai cc 650, wanda in an cika tankinsa aka ɗaura masa akwatunan ƙarfe na gefe yake haura kilo 200. Na haɗa da hular kwano mai tsini a goshi, da takalmi har gwiwa, da riga mai roba a kafaɗa. Ranar da na gwada kayan a tsakar gida, autanmu ya ƙwalla ƙara ya ɓuya bayan uwarsa. Uwargida ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Maigida, yaƙi aka ce za a yi?" Na ce tafiya ce ta maza, tsaunin Mambila za ni. Ta ce, "Allah ya tsare hanya. Ka dai nuna mini inda takardun gida suke kafin ka fita."

A bayan a-kori-kura na ɗora babur ɗin, don kada ya gaji tun kafin a fara aiki. Muka bi ta Gombe da Numan muka shiga Jalingo, daga nan Bali, sai Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take, wanda aka kafa a 1991 kuma babu gandun ƙasa da ya kai shi girma a Nijeriya. A nan aka sauke mini dokina. Daga Mayo Selbe hanya ta ɗaga kai sama, kwana na bin kwana, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo a ɗaya hannun. Amma kwalta ce, kuma ni da kwalta mun saba. Ko da na ɓulla Maisamari, sanyi ya ratsa sulken nan, ga tuddai kore shar iya ganinka, ga shanu warwatse a kansu, ga layukan itatuwan turare. Saman Mambila ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku, wato ya ninka tsayin Kano fiye da sau uku. Na tsaya a gefen hanya na jinjina wa kaina.

A Nguroje, wurin mai shayi, na sanar da jama'a ƙudurina. Shayin nan kusa ake noma shi, a gonakin Kakara, kuma da alama yana sa mutum yawan magana. Na ce zan bi ta Mayo Ndaga in dangana da Njawai, inda masu hawan Chappal Waddi ke ajiye abin hawa su ci gaba da ƙafa, in ga ƙololuwar da ta fi kowace tsayi a ƙasar nan, mita 2,419, a kan iyakarmu da Kamaru. Aka yi tsit. Wani dattijo ya tambaya ko na san damina ba ta gama tattara kayanta ba, don a nan ruwa kan kai har Oktoba yana zuba. Na ce babur ɗina don irin wannan aka ƙera shi. Suka ce to madalla, amma in ɗauki ɗan rakiya.

Ɗan rakiyar wani saurayi ne ɗan acaɓa, da silifas a ƙafa da hular sanyi a ka, a kan Boxer wanda madubinsa ɗaya ya riga mu gidan gaskiya. Ya riga ya ɗaure buhun masara da jarkokin manja biyu, saƙon mutanen ƙauye, tunda dai hanya ɗaya ce. Ya zagaya babur ɗina a hankali, ya ɗan girgiza shi, ya ce, "Alhaji, wannan in ya kwanta, mutum nawa ke tashinsa?"

Na ce, "Samari, ba ya kwanciya."

Ya ce, "Allah ya sa." Sannan ya danna tayar gaba da babban yatsa ya ce in bari ya rage mata iska, don taya mai tauri tsalle take yi a kan tsakuwa, mai ɗan laushi kuwa shimfiɗuwa take yi ta kama ƙasa. Na ce masa mai facin da ya ba tayar nan iska da geji ya auna, a Kano. Ya sake cewa Allah ya sa.

Sai a 1961 wannan yanki ya shigo Nijeriya ta hanyar ƙuri'ar raba-gardama, kuma har yau sunan Sardauna ƙaramar hukumar ke ɗauke da shi. Kwalta ta bi babbar hanya ta nufi Gembu, ta bar ƙauyukan gefe da jar ƙasa da tsakuwa. Muna sauka daga kwalta na ji kan babur ya fara yi mini gardama. Ruwa ya yanka hanya a tsaye, ya bar ramuka dogaye da ɗan tudu siriri a tsakani, kuma a kan wannan siririn ake so ka ɗora taya. Yaron nan ya ɗora tasa yana ta hira da ni ta kafaɗa.

Hawan farko na gaske na shige shi a lamba uku, saboda a gada haka muke yi. A tsakiyar tudu inji ya fara tari. Na ja kuloci zan sauko da giya, gudu ya ƙare, mashin ya mutu. Na damƙe birkin gaba. Ashe a kan hawa duk nauyi baya yake komawa, tayar gaba ba ta da abin da za ta riƙe ƙasa da shi, sai muka fara ja da baya ni da babur, birki a damƙe, taya na jan tsakuwa. Na miƙa ƙafar dama neman ƙasa, ƙasa ta ce ba ta nan, tana can cikin rami. Babur ɗin da ba ya kwanciya ya kishingiɗa.

Kafin yaron ya gangaro na shirya bayani. Na ce masa matsalar ta kimiyya ce: iskar kan tsauni ba ta da kauri, inji kan rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 1,000 da aka hau, kuma kafireta ta tsohon yayi mai take ƙara turawa fiye da iskar da ke shiga. Duk wannan gaskiya ne, kowane bakanike zai shaida. Ya saurara da ladabi har na dasa aya, sannan ya ce, "Haka ne, Alhaji. Sai dai nawa ma wannan iskar yake shaƙa."

Mu biyu muka kasa ɗaga shi. Wasu mata da suka fito da ayaba da piya za su kasuwa suka sauke kayansu, suka kama akwatunan gefe, aka yi kabbara aka miƙar da shi. Wata tsohuwa a cikinsu ta daɗe tana kallon takalmina, ta ce, "Ɗana, kai soja ne?" Na ce a'a, Inna, yawon buɗe ido na zo. Ta ce, "To ka buɗe shi mana."

Yaron ne ya ƙarasa mini da babur ɗin saman tudu, da silifas ɗinsa, a lamba ɗaya, ba tare da ya taɓa giya ba har ƙarshe. Ni na biyo da ƙafa ina haki, don takalmin nan ba a yi shi don tafiya ba.

A can sama ya tsayar da ni ya yi mini karatun gangara, ga ta a gabanmu, doguwa, ta lanƙwasa hagu a ƙasa, bayan lanƙwasar kuma babu komai sai sarari. Ya ce, "Alhaji, hawa ƙarfi ne, gangara haƙuri ce. Ka sa lamba ɗaya ka saki kuloci, inji ne zai riƙe ka. Birkin baya kaɗan-kaɗan, kada ka danne shi ka manta, zafi yake ɗauka ya daina ci. Na gaba da yatsa ɗaya, a kwana kuma kada ka taɓa shi sam. Ka ja jikinka baya. Inda kake so ka je nan za ka kalla, kada ka kalli rami, don babur ido yake bi."

Na ce duk na sani, har a bidiyo na gani.

Abin da yaron bai sani ba shi ne, tun da aka cire tallafin mai a 2023, babu Bakano mai hankali da ke gangara gada da giya a ciki. Firi muke sakawa mu tsira da ɗan abin da ya rage a tanki. Hannuna na hagu ya haddace wannan darasi fiye da yadda ya haddace komai. Muna fara gangarawa ya ja kuloci da kansa, ba tare da ya shawarce ni ba. Ƙarar inji ta ɗauke, sai ƙarar tsakuwa. Itatuwa suka fara wucewa da sauri. Na tuna an ce kada in kalli rami, sai na duba in tabbatar inda yake don in guje shi, babur kuwa ya nufe shi kai tsaye. A daidai bakin kwanar wani jan sa mai dogayen ƙahoni ya fito daga ciyawa ya tsaya a tsakiyar hanya yana tuƙa. Yatsa ɗaya aka ce. Na ba birkin gaba duka huɗun. Tayar gaba ta zame gefe, babur ya yi hagu, ni na yi dama, na tafi ina mirgina kamar buhun albasar da ya kwance daga bayan mota a hanyar 'Yankaba.

Na tsaya a cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, rigingine. Laka ta toshe gilashin hular kwano sai wata 'yar kafa, ta nan nake hango tayar baya tana ta juyawa a sama ita kaɗai. Warin fetur ya cika wurin, salansa na ƙas-ƙas tana hucewa. Na motsa yatsun ƙafa, na ji suna nan. Na motsa wuya, shi ma yana nan. Sai wata inuwa ta rufe 'yar kafar: san nan ne ya matso ya sunkuyo yana shinshina ni, bai ma daina tuƙarsa ba.

Mai shanun ya iso, wani dattijon Bafulatani da sanda a kafaɗa. Ya taya ni cire hula, ya tabbatar babu karaya, sannan ya tambayi garinmu. Na ce Kano. Ya ce wace unguwa? Na ce asalinmu Zangon Barebari. Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ashe bawana ne ya zo gaisuwa! Tun daga saman tudu ka fara faɗuwa? Tashi haka nan, na amsa." Na ce, "Baffa, sanka ne ya tare hanyar gwamnati." Ya ce san a nan aka haife shi, ni ne baƙo.

Hannun kuloci ya karye, madubi ya tafi, akwati ɗaya ya lotsa. Aka tura babur ɗin zuwa rugar Baffa aka jingine shi a jikin danga, yara suka kewaye shi. Ni kuwa aka gyara mini wuri a bayan Boxer, a saman buhun masara, jarkar manja a kowace cinya. Daga nan na ga aikin da kyau. Ƙafar yaron ta dama tana taɓa birki tana saki, tana taɓawa tana saki. Kafin kowane hawa ya riga ya zaɓi giyarsa tun daga ƙasa. In tayar baya ta yi wutsiya a laka, ba ya ko waiwaya, sai ya ɗan rage totur ta dawo hanya da kanta. Babur ɗinsa bai wuce kilo 100 da 'yan kai ba, in ya karkata ƙafa ɗaya ta isa ta mayar da shi.

Muka yi ta gamuwa da jama'a. Wani ya ɗauko bandir na kwanon rufi a gicciye. Wani da matarsa da goyo da akuya. Wasu biyu sun sa mara lafiya a tsakiya, an ɗaure shi da zane a jikin direba, za su asibiti. Kowa ya zo wucewa sai ya rage gudu ya yi wa mai sulken da ke kan buhu sannu. Can yaron ya ce, "Alhaji, don Allah in tambaye ka. Wannan yawon, biyan ku ake yi?" Na ce a'a, ni na biya. Bai sake magana ba har muka haye rafi biyu.

Hazo ya sauko, ruwa ya biyo baya, aka ce hanyar gaba ba ta biyuwa sai ta sha iska. A ƙauyen da muka sauke masara, yaron ya nuna mini wani farin gajimare ta gabas ya ce Chappal Waddi na bayansa. Na ɗauki gajimaren hoto. Da muka koma ruga kuma na sa aka juya babur ta gefen da bai lotsa ba, na tsaya kusa da shi da hula a hammata, Baffa na ta ba da shawarar in ɗan ƙara ɗaga haɓa. Wannan hoton ne a Facebook, kuma babu ƙarya ko ɗaya a cikinsa.

Yanzu babur ɗin yana hannun dillali. An sa masa sabon hannun kuloci, an buga akwatin ya miƙe, an shafa fenti. Dillalin ya kira ni ya ce ya samu mai saye, wani matashi mai yawan kallon bidiyo, amma yana tambaya ko mashin ɗin ya taɓa faɗuwa. Na ce ya gaya masa, ko a gaban alƙali zan maimaita, bai taɓa faɗuwa a kan kwalta ba.

Ya ce, "To in ya tambayi kan tsakuwa fa, Alhaji?"

Na ce, "Ka ce masa na shiga masallaci."