Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hajiya Gudummawar Kamfe, Birnin Washinton

Ranki ya daɗe,

Na rubuto ne in wanke ki daga ƙazafin mahassada, wai kina sayen ƙuri'un 'yan majalisar Amurka. Allah ya kiyaye! Ai a shari'ar Citizens United ta 2010, alƙalan Kotun Ƙoli 5 sun rinjayi 4, suka ce kuɗin da kamfani ya kashe wajen tallata ɗan takara ba ya jawo cin hanci, muddin ba su haɗa baki ba. Wane ni in musa wa alƙali?

Malaman jami'a ma suna bayanki. A 2003 Ansolabehere da abokan aikinsa biyu sun bi diddigin binciken da aka yi a kanki, suka ga da wuya a kama ki kina juya ƙuri'a. Ke dama ba ki zuwa sai gidan da aka riga aka shimfiɗa miki tabarma.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ki jiran ranar ƙuri'a. A 2003 aka yi dokar saya wa tsofaffi magani, aka cusa mata sharaɗin da ya hana gwamnati yin cinikin farashi da kamfanoni. Mai saye mafi girma a ƙasa, an ce ba shi da bakin tayi! Billy Tauzin, shugaban kwamitin da ya yi wa dokar jagora, ya bar majalisa a 2005 ya zama shugaban ƙungiyar kamfanonin magani, PhRMA, a kan albashin da jaridu suka ce ya kai dala miliyan 2 a shekara. Arashi ne kawai, na sani. Sai a 2022 aka sassauta wannan hani.

Sau ɗaya asirinki ya tonu, shi ma laifin ɗan aike ne. A 1995 John Boehner ya bi takwarorinsa a cikin zauren majalisa yana miƙa musu cekin kamfanin taba hannu da hannu. Ya ce ya yi nadama, ya zama kakakin majalisa, ya sauka, a 2016 kuma ya shiga hukumar gudanarwar kamfanin taba na Reynolds. Baki ya ci, ido ya ji kunya, Hajiya.

Yanzu ga ƙoƙon barata. Masu bincike Kalla da Broockman sun gwada neman ganawa a ofisoshin 'yan majalisa 191. Da aka ce masu zuwan sun taɓa ba da gudummawa, damar ganin manyan ofis ta ninka sau uku zuwa huɗu. To ni ina da ƙorafi a kan kuɗin maganin hawan jini, kullum sai a haɗa ni da wani yaro mai littafin rubutu, ya gyaɗa kai, ya ce zai sanar da oga. Don Allah ki ara mini sunanki na rabin awa, ranar Talata in da hali.

Naki mai biyayya,
Wani mai ƙuri'a ɗaya tak