Kawu da Jan Fenti

Wanda ya zaga Tamale a cikin yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, daga Aboabo zuwa Lamashegu, ba zai rasa ganin bango mai jan rubutu ba. Da Turanci ake yinsa, da manyan baƙaƙe: a dakatar da aiki, a kawo takardar izini. Wasu gidajen har an gama su, an tare, an yi suna a ciki, rubutun yana nan daram.

Kawuna ya daɗe da yanke hukuncin cewa wannan rubutu na masu gina bene ne. Shi ɗan shago kawai ya nufa a ƙofar gidanmu na Zango, inda uwargidansa za ta riƙa sayar da shinkafa da magi. Ya sayo siminti, ya kira birkila, ni kuma aka ɗora mini ƙirga bulo. Da na tayar da zancen izini sai ya dube ni sheƙeƙe.

"Kai yaro, kakanmu ya baro Salaga ya kafa gidan nan tun ba a haifi uban mai ba da izinin ba."

Fili ya gaza, sai birkila ya zuba kankare a kan kwatar da ta bi ta ƙofar gida, ya ɗora bango a kai. Ranar da gini ya kai linta muka wayi gari da jan fenti. Kawu bai girgiza ba. Bayan isha'i ya miƙo mini bokitin farar ƙasa da tocila, ya ce in je in rufa mana asiri. Na shafa har hannuna ya sage. Kafin hantsi jan ya huda farin, bango ya koma ruwan hoda, baƙaƙen kuma suka fi jiya fitowa. 'Yan firamare suka mayar da shi allo, su tsaya su karanta da ƙarfi, ɗaya na gyara wa ɗaya.

Doka dai ba ta san ɗan shago ba. Dokar ƙananan hukumomin Ghana ta 2016, mai lamba 936, ta hana aza gini ba tare da rubutaccen izinin hukumar tsara gari ba, ta kuma ba hukuma ikon tsayar da aiki ko rushe shi. Ƙasar ta ga abin da ya isa. A watan Nuwamban 2012 benen kantin Melcom ya rufta a Achimota, cikin Accra, mutum 14 suka rasu, hukumomi suka ce ginin ba shi da izini. Ranar 3 ga Yunin 2015 ambaliya da gobara suka haɗu a wani gidan mai a tsakiyar Accra, aka rasa sama da mutum 150, aka kuma ɗora babban laifi kan toshewar magudanai da gini a kan hanyar ruwa. Tamale kuwa, wadda ta samu matsayin babban birni a 2004, kullum cin gonakin gefenta take yi.

Haka muka nufi ofis, Kawu da babbar riga, ni da gwangwanin takardun gado. Ma'aikacin ya gaishe shi da ladabi, sannan ya fara lissafi da yatsu: takardar mallakar fili, taswirar safiyo, zanen gini mai hatimi, rasit ɗin harajin gida. A nan gizo ke saƙar. A yankin Tamale filaye a hannun sarakuna suke. Mutum ya kai goro fada, a yanka masa, ya karɓi 'yar takarda, yawanci ba ya ƙara bi ta kan rajista. Kawu ya buɗe gwangwani da alfahari, ya zaro wata takardar ajami da gara ta cinye tsakiyarta. Bisimilla ce ta tsira a sama, da rabin sunan wani shaida a ƙasa.

"Baba Alhaji, ina iyakar filin?"

"Tana wurin da gara ta ci."

Muna cikin neman mai safiyo ruwan Mayu ya sauko da iskar nan da ke kwashe kwanon gidaje. Ruwa ya iso kwata ya tarar da kankare, ya juya ya shiga zauren Kawu. Buhunan simintin da suka rage suka daskare, buta da takalman baƙi suka fice yawo. Da asuba sai ga Kawu da kansa, wando a naɗe, yana fasa kankarensa da guduma, birkila na tsaye yana tambayar cikon kuɗin aiki.

Yanzu shagon ya koma tebur da lema. Kawu kuwa ya zama masanin doka. Maƙwabcinmu ya fara tara bulo zai ɗora ɗaki a saman gidansa, tagarsa tana kallon tsakar gidanmu. Jiya Kawu ya kira ni gefe, ya tambaye ni ko ina da lambar wayar yaron nan mai ladabi na ofis.