Tafinta Tsakanin Hausa da Hausa

Matsalar da ta fi addabar baƙon da ya zauna birnin Katsina don koyon Hausa ba ta cikin littafin nahawu, domin karin sauti, wato hawa da saukar murya a kan gaɓoɓin kalma, da tsayin wasali, da haruffa masu lanƙwasa, duk abubuwa ne da naci ke maganinsu. Abin da naci bai taɓa maganinsa ba shi ne Bakatsinen da zai hango farar fata ya yanke hukunci, tun kafin a buɗe baki, cewa Turanci ne zai fito, ya kuma tanadi amsarsa da Turanci. Tushen wannan ɗabi'a kara ce, domin garin da ake wa kirari da ɗakin kara ba ya barin baƙo ya shigo da kaya niƙi-niƙi ba a tarye shi ba, kuma a idon mai gari Hausa a bakin Bature kaya ne mai nauyi da ya kamata a yi maza a sauke masa.

Magabatan wannan baƙo sun fi shi sa'a. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Katsina a 1851 da sunan Abdulkarim, ya samu Hausarsa ne saboda ba wanda zai iya ceto shi da Turanci, haka kuma jami'an mulkin mallaka sai da aka ɗora musu jarrabawar Hausa kafin su ga ƙarin girma, har aka kai ga ƙamusun Hausa na Bargery a 1934. Sai dai a wannan gari ne aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, makarantar da ta yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda ta yi suna wajen goge lafazin ɗalibanta, kuma ko da aka ɗauke ta zuwa Kaduna a 1938 ba a tafi da son Turanci mai tsabta ba. Shi ya sa da wuya a rasa tsohon malamin makaranta a majalisar dattawa, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da Turanci, yanzu kuma ba shi da abokin yinsa sai jikokin da suka koyi nasu a waya. Idan irin wannan dattijo ya ga Bature, to faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

A makon jiya ne wannan ƙa'ida ta tabbata a kan wani ɗalibi ɗan Ingila, wanda ya karanta Hausa a wata jami'a ta Landan, ya zo bincike kan hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Malaminsa na nan gida, wanda shi ne mai wannan rubutu, ya raka shi majalisar dattawan da ke zama kusa da hasumiyar bayan sallar la'asar, bayan ɗalibin ya ɗauki alkawarin cewa ranar ko za a mutu ba zai amsa wa Turanci ba. Ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa a bakin tabarma, ya yi sallama, ya ce: "Ranku ya daɗe, barkanku da yamma. Ina gajiya? Yaya iyali? Na zo neman ilimi a wurinku game da wannan hasumiya." Adalci ya wajabta a rubuta cewa ba kuskure ko ɗaya a cikin wannan magana.

Wani tsohon hedimasta ya gyara zaman tabarau, ya yi gyaran murya, ya yi masa maraba da Turanci irin na jawabin bikin raba kyaututtuka, ya tambayi lafiyar Sarkin Ingila, sannan ya umarce shi da ya zauna. Da yake da Turanci umarnin ya zo, kuma akwai alkawari a wuya, ɗalibin ya ci gaba da durƙuso, ya maimaita gaisuwarsa daga farko. Majalisa ta yi tsit. Hedimasta ya sake gwadawa, a hankali wannan karon, yana rarraba kalmomi, ɗalibin kuma ya sake tambayarsa gajiya. A nan ne dattawa suka yi shawara a gabansa, da Hausar da yake jin kowace kalma tata, suka cimma matsayar cewa Baturen da ba ya jin Turanci lalle Bafaranshe ne, kuma tunda Maraɗi ba nisa, ba za a rasa mai jin yarensa ba. Aka tura yaro ya kira mai shayin bakin titi, mutumin Nijar, wanda ya iso da rariyar shayi a hannu yana goge ɗaya hannun a jikin riga.

Mai shayi ya sunkuya ya zuba masa Faransanci. Ɗalibin, wanda gwiwoyinsa suka fara rawa, ya ɗaga kai ya ce a fili, cikin Daidaitacciyar Hausa, wato wadda ake rubuta littattafai da ita: "Malam, ba na jin Faransanci, Hausa nake ji." Mai shayi ya gyaɗa kai irin na wanda ya gano bakin zare, ya juya ga dattawa ya ce: "Ya ce wai ba ya jin Faransanci, Hausa yake ji." Majalisa ta ɗauki kabbara, wani dattijo ya ce lalle ilimi kogi ne, dubi yaron nan yana dafa shayi alhali yana jin yaren Nasara kamar ruwa.

Ya kamata a tsaya a kan wannan daƙiƙa, domin a cikinta aka ga iyakar abin. Tafinta, a ma'anar da aka sani, shi ne mai ɗauko magana daga wani harshe ya kai ta wani. Wannan kuwa ya ɗauko ta daga Hausa ya kai ta Hausa, bai taɓa komai ba sai wakilin suna, inda "na" ya koma "ya" kuma "nake" ya koma "yake", ya ƙara "wai" don kare kansa. Kalmomin nan bakwai sun fito daga bakin Bature, a tazarar da ba ta kai taku biyu ba, kunnuwan majalisa suka ƙi karɓa. Suka fito daga bakin mai shayi, aka karɓe su da kabbara. Abin da ya fi ciwo shi ne saƙon ya isa, kowa ya ji cewa baƙon Hausa yake ji, amma ba wanda ya ga alaƙar wannan labari da harshen da ya kamata a yi masa magana da shi. Hedimasta ma cewa ya yi, da Turanci, wannan abin a yaba ne ƙwarai. Haka hirar ta ci gaba: ɗalibi ya yi tambaya kan Gobarau da Hausa, mai shayi ya maimaita da Hausa, hedimasta ya amsa da Turanci, mai shayi ya mayar da abin da ya tsinta zuwa Faransanci, ɗalibi kuma yana durƙushe, zufa na ɗiga daga haɓarsa zuwa kan littafin rubutu. Malamin da ya kawo shi kuwa ya duƙufa wajen nazarin saƙar tabarma.

Wanda ya ceci yammacin shi ne wani wanzami da ke gefe yana wa yaro aski, wanda tun farko bai ce uffan ba. Ya share aska a tafin hannu, ya mayar da ita zabira, ya matso ya dafa kafaɗar baƙon. "Ɗan nan," in ji shi, "na ji an ce Hausa kake nema. To, ka baro ta a baya. Ina aka ce garinku? Landan? Ai can take! Tun ina yaro nake kama tashar Landan a rediyo, ban taɓa jin mai labarai ya yi tuntuɓen harshe ba. Mu nan Katsinanci gare mu, sai mu ɓata maka baki a banza. Ka koma gida ka nemi gidan rediyon nan, ka durƙusa musu yadda ka durƙusa mana." Shawarar tana da madogara ta tarihi, tunda Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri tun 1957, sai dai wanzamin bai tsaya nan ba, domin ya ƙara da magani: kunun tsamiya da sassafe don ya saki jijiyar harshe, a bar ruwan sanyi, kuma idan ya duba ya ga akwai beli, wato ɗan naman nan da ke reto a ganɗa, zai cire masa a farashi mai sauƙi, tunda a saninsa shi ke hana Turawa faɗin "ƙ". Har ya buɗe zabira zai nuna kayan aiki, ɗalibin ya rufe baki gam, wanda hakan ya ƙara tabbatar wa majalisa cewa bai fahimta ba.

Wanzami ya dubi fuskar da ta yi ja wur, tausayi ya kama shi, ya juya ga hedimasta ya ce: "Malam, bawan Allah nan bai ji ko ɗaya ba. Taimaka ka juya masa da Turanci, ka fara daga kunun."