Yadda Za Ki Rubuta Labarin Alhaji Da 'Yar Hutu

Dogon hutun bana ni ma na faɗa ramin da kuka faɗa: littafin WhatsApp mai shafukan kyauta, wanda sai Alhaji ya fara kallon yarinya ta madubin mota za a ce ci gaba na kuɗi ne, ga lambar akawun. Na biya, data ta ƙare, barci ya ƙaurace, har yau ba a kai kuɗin gaisuwa ba. Ga shawarwari ga wadda take son mayar da asararta ta rubuta nata. Buɗe gurup kam kowa ta iya.

Na ɗaya, shekaru. Ki ba yarinya ashirin da biyu, 'yar aji uku a jami'a, ta zo hutu gidan gwaggonta a Naraguta. Shi ki ba shi arba'in da takwas, sannan ki rantse duk wanda ya gan shi ba zai ba shi talatin ba. Furfura sili uku a gemu ta isa. Tumbi, minshari da maganin hawan jini ki bar wa mazajenmu na gida. Ya zama miskili, kalma biyu a wuni, sauran zancen ƙamshin turarensa zai yi.

Na biyu, wuri, kuma nan ake yin ta. Turawa in za su yi irin wannan labari, bakin teku suke kai mutanensu a Italiya ko Girka, rana ta buɗe, kowa na zufa. Namu hutun a Agusta yake faɗowa, kin kuwa san Agustan Jos. Ruwa ya wuni yana zuba, hazo ya rufe duwatsun Shere, wanki ya kwana a igiya har ya yi wari. Wace soyayya za a yi da rigar sanyi biyu da mura? Marubuciyar littafin da na karanta ta fito da jarumarta yawon yamma a titin Bauchi cikin doguwar riga fara ƙal da takalmi mai tsini, wai har motar Alhaji ta tsaya a gabanta a hankali. A titin Bauchi! Duk wanda ya taɓa jiran Keke a ƙofar Jami'ar Jos ana yayyafi ya san abin da mota take yi in ta matso kusa da mutum, wanka take masa da ruwan kwata. Baiwar Allahn nan ba ta taɓa shiga Farin Gada sayen kabeji bayan an ɗauke ruwa ba. Ki kai su Rayfield sau ɗaya don kunya, daga nan ki cilla su Dubai ki huta.

Na uku, kyauta. Kada ya saya mata jakar dukawan Naraguta, ko da baƙi daga nesa suke zuwa nemanta. Makullin mota, shi ke nan. Ai ba furfurar ake bi ba. Wadda ta wuni tana lissafin kuɗin gas da mudun shinkafa, da dare so take ta ga namijin da bai san kalmar "sai an yi albashi" ba. Saurayi sa'an yarinyar yana bautar ƙasa, katin waya ma ita ke tura masa.

Kada ki kuskura ki juya lissafin. Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, ya yi haka a Season of Crimson Blossoms a 2015: Binta mai shekara 55 da Reza wanda bai kai talatin ba. Ya ci kyautar NLNG ta dala 100,000 a 2016, amma da Turanci ya rubuta, kuma bai bari sun ƙare lafiya ba. Ke gwada a gurup, kafin la'asar an yi miki wa'azi an cire ki.

Na huɗu ko na biyar, oho. Uwargida. Ki ba ta arba'in ki kira ta tsohuwa. Alhaji ya girme ta da shekara takwas, amma shi matashi ne mai jini a jika, ita ƙazama ce mai warin daddawa da bin bokaye. Ita ta haifa masa biyar. Ita ta sayar da sarƙar aurenta ya sake jari lokacin da kasuwar Terminus ta ƙone a 2002, amma wannan layi ɗaya za ki ba shi, gashin yarinya kuwa shafi guda. Abin da ya fi ƙona min rai, mu masu arba'in ɗin, mu ne muke biya, mu ne muke turo sharhi muna cewa Allah ya ƙara wa Hajiya. Wace Hajiyar? Tun 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta nuna mana a Wa Zai Auri Jahila? yadda auren tsoho da ƙaramar yarinya yake ƙarewa a gadon asibiti. Mu kuma muka ɗauko tsohon, muka rina masa gemu, muka fesa masa turare, muka ƙara wa yarinyar shekaru don kada a yi magana.

Akwai shawara a kan yadda hutu zai ƙare da wanda zai mayar da ita makaranta, amma raina ya ɓaci. Ki aurar da su yadda kika ga dama. Uwargidar dai, don girman Allah, ki bar mata gidan da take ciki.