Injin Wanke-wanke da Ranar Kurfi

Turawa sun ƙera injin wanke-wanke mai kashe ƙwayoyin cuta da wani hasken da ido ba ya gani. Madalla. Sai dai hasken ba ya kankare ƙanzo, kuma duk lungun da bai haska ba, ƙwayar cuta tana nan tana hamma.

Matan Kurfi kuwa su dirje kwano da toka, su shanya a tsakar gida, ranar bazara ta ƙarasa aikin. Ita ma tana da ƙanen wannan hasken, kuma ba ta aiko takardar kuɗi.

Alhajin Dutsin-Ma da ya sayo injin, sai ya tanadi ruwan madatsar Zobe da janareto. Kafin a samo fetur, auta ta gama wanke-wanke ta tafi Islamiyya.