Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Kiredi

Daga unguwar Zongo, Wagadugu.

Da fatan kana lafiya, kai da 'yan'uwanka ashirin da tara da kuke fitowa tare kowane semestir. Ba ka san ni ba, ni ma ban taɓa sa ka a ido ba. Amma tun da ɗan ƙanwata ya ci jarrabawar bak ya shiga karatun injiniya, babu sunan da ake ambata a gidan nan kamar naka. In yaron ya yi dariya, an ce ya same ka. In ya ƙi taɓa tuwo, an ce ka kuɓuce masa.

Da na ga haka sai na tambayi asalinka, don ba a barin baƙo ya kwana ba a san daga inda ya fito ba. An ce a Turai aka haife ka a 1989, a ƙarƙashin shirin Erasmus, don ɗalibin Faransa ya je Jamus ba tare da karatunsa ya zube a hanya ba. A 1999 ministocin ƙasashe 29 suka taru a Bologna ta Italiya suka ɗaukaka darajarka. A 2007 ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenmu su bi tsarin LMD, wato lisansi, masta, dakta. Mai masaukinka ma ba nesa yake ba, hedikwatar CAMES, majalisar da ke kula da ilimi mai zurfi a ƙasashenmu, a nan Wagadugu take. To, sannu da zuwa. Sai dai da alama ba ka leƙa waje ba tun da aka sauke ka.

Ni ɗan kasuwa ne, kayan moto nake sayarwa, lissafi ba ya ba ni tsoro. An ce kai ɗaya nauyinka awa 20 ko 25 ne na aikin ɗalibi. Ku talatin kuka cika semestir, ke nan awa 600 zuwa 750. A raba su cikin mako 15, yaro na bukatar awa 40 zuwa 50 kowane mako, tsakanin lacca, darasin gwaji, ɗakin awo da bitar gida. Lisansi 180, injiniya cikakke 300 a semestir goma. Lissafin ya fita tsaf a takarda, ban ga kuskure ba.

Abin da ban gani ba shi ne awannin da ba ka ƙirga. Zongo tana yammacin gari, babbar jami'a kuma tana Zogona ta gabas. Da can Hausawa na zaune a Zangwetin, tsakiyar birni, kafin aikin sabunta birni na ZACA ya rushe unguwar a 2003 aka watsu gefe-gefe. Yau yaro sai ya keta gari a kan moto cikin jar ƙura, in babu kuɗin mai ya tsaya jiran bas. Wannan awar ta wa ce? Watan Afrilu zafi ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke, kwamfutar da yake zanen gini a kai ta mutu kafin ya adana. Azumi ya zo. Ran Lahadi ina bukatarsa a shago, don da kuɗin shagon ake biyan ka. Kai dai ka ɗauka kowane ɗalibi yana da ɗaki mai fanka da uwar da ba ta aike.

Babbar maganata kuwa ita ce bashi. An ce yaro ya samu 10 cikin 20 ya wuce, in ya gaza ya jira zama na biyu, in ya sake gazawa amma ya tara mafi yawanku, a bar shi ya haura aji da bashin darasi a wuyansa. Da farko na ɗauka rahama ce. Ashe sabbin talatin na nan daram suna jiransa, ba a rage ko ɗaya ba, tsohon bashi kuma a ɗora a sama. Wani lokaci ma darasin bara da na bana su faɗo a awa ɗaya, ɗaya a wannan ɗaki, ɗaya a wancan, shi kuwa jikinsa ɗaya ne.

Kakanninmu fatake ne, su suka riƙa bi ta ƙasar Mosi daga Kano zuwa Gwanja neman goro. Ban taɓa jin madugun da ya ga jaki na ɗingishi ya ce a ƙara masa buhu ba. Rage masa ake yi har ya warke, don ayari ya isa da kowa.

Kuma karatun injiniya ba kamar sauran ba ne, hawa-hawa yake. Wanda lissafin shekarar farko bai zauna masa ba, ba zai gane ƙarfin ƙarfe da katako a shekara ta biyu ba. Wanda bai gane wannan ba, me zai yi da darasin kankare mai rodi a ta uku? Kai kuwa ka yarda da ramuwa: makin Ingilishi da na iya magana su tallafi makin lissafi, matsakaicin maki ya kai goma, a ce ya wuce. Ranka ya daɗe, ranar da aka ba shi gada ya gina a kan kogin Nakambe, Ingilishin ne zai riƙe ta?

Wani abokin cinikina ɗansa na karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Can ma shekara biyar ake yi, har da wata shida na koyon aiki a masana'anta a shekara ta huɗu. Su ma suna da irinka, amma sun sa masa linzami: akwai mafi ƙaranci, akwai iyaka, kiredi 24 a semestir. Mai kari-oba, wato bashin darasi, shi zai fara rubutawa, sannan ya cika sauran da sabbin darussa, abin da bai samu wuri ba ya jira baɗi. Ba na ce can aljanna ce ba, yajin aikinsu kaɗai ya ishe su. Amma aƙalla yaro na zama da malamin ajinsa su auna kayan tare. A nan an riga an ɗaure ƙunshin, rajista sa hannu ce kawai.

Ba zan hana ka yabo inda ka cancanta ba. Tun da aka buɗe Campusfaso a 2018, yaro na zaɓen fanni ta intanet, ya biya ta wayar hannu, babu kwana a layi. Takardar 2iE kuma, makarantar nan da ta samo asali daga EIER ta 1968, tana da daraja har Faransa, ko da yake kuɗinta maganar miliyan ce, ba ta masu sayar da taya ba. Amma kowa a garin nan ya san yadda shekarun karatu suka daɗe suna hawa kan juna a jami'o'in gwamnati, har lisansin shekara uku ya riƙa cin huɗu ko biyar. Hukuma na ta fama ta daidaita, Allah ya taimaka. Kai da ka iya ƙirga awa, yaya aka yi wata ya gagare ka?

Roƙona uku ne, ka kai wa masu gidanka. A liƙa jadawalin semestir da ranakun jarrabawa tun kafin a karɓi kuɗin rajista. A bar mai bashi ya rage sabbin darussa ba tare da an kira shi wanda ya maimaita aji ba, kada tallafin karatu ya suɓuce masa. A kuma ware malami ɗaya da yaro zai zauna da shi kafin ya sa hannu. In ba za a yi ko ɗaya ba, to ka zo da kanka ka tsare mini shago ran Lahadi, yaron ya samu ya yi bita.

Wassalam.

Naka,
Kawun wani ɗalibi.