Ƙwallon Lambu da Masu Bin Ta da Ƙafa

Ƙwallon lambu, wadda Turawa ke kira golf, wasa ne da babban mutum ke dukan wata 'yar ƙwallo mai girman ƙwan zabo, ya bi ta da ƙafa, ya nemo ta, ya sake dukan ta, har ta gaji ta faɗa rami. Cikakken fili yana da ramuka 18, faɗin kowanne inci huɗu da kwata. Wanda ya fi kowa ƙarancin bugu shi ke lashe gasa. Wannan kaɗai ya isa ya raba ta da dambe, inda mai yawan bugu ake yi wa kirari.

Sunan ma yana rikita mutane. A Bakura da Talata Mafara, in aka ce lambu, albasa ake nufi da tumatir da tattasai, abin da mutum zai loda wa jaki ko a-kori-kura ya kai kasuwar Talata. Lambun golf kuwa ciyawa ce zalla. Ana ba ta ruwa safe da yamma, ana zuba mata taki, ana yi mata aski kamar ango, kuma ba a yarda ko akuya ɗaya ta ɗanɗana ba. Manomin da ya saba rigimar layin ruwa a magudanan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan gulbin Sakkwato kusa da Maradun, in ya ga wannan a talabijin yakan yi shiru, sannan ya tambayi yaushe ake girbi.

Asalin wasan a siffarsa ta yau daga Sukotland yake. A 1457 Sarki James na biyu ya haramta shi, domin samari sun bar koyon harbin baka sun koma bin ƙwallo. Dokar ba ta yi tasiri ba. Filin da ake ɗauka uwar filaye shi ne na St Andrews, wanda a 1764 aka mayar da ramukansa 18, duniya kuma ta bi sahu. Ana cewa kwazazzaban yashin da ke cikinsa tumaki ne suka fara tona su don fakewa daga iska. Har yau ba a wasa a tsohon filin ranar Lahadi sai in babbar gasa ta kama, mutanen gari ne ke shiga su sha iska da karnukansu.

Manyan gasannin maza huɗu ne. Mafi tsufa ita ce ta Birtaniya, da aka fara a 1860. Sauran ukun a Amurka ake yin su: US Open tun 1895, ta ƙungiyar ƙwararru wato PGA tun 1916, sai Masters da ake yi a Augusta tun 1934, yawanci a watan Afrilu. Jack Nicklaus ya ci irin waɗannan sau 18, Tiger Woods sau 15. Masters ita ta fi ban mamaki. Bayan kuɗi, ana sa wa gwani koriyar kwat, ya je gida da ita shekara guda, sannan ya mayar wa masu kulob su ajiye masa. A ƙasar Hausa wannan zanen aro ne, an kuma san abin da ba ya rufewa. Haka nan a shekara mai zuwa shi zai zaɓi abincin da tsofaffin gwanaye za su ci a daren Talata, wato dai ya ci gasa ya jawo wa kansa walima.

Babbar ƙa'idar kallo ita ce shiru. Da ɗan wasa ya ɗaga sanda, sai dogarawan fili su ɗaga hannu, dubban mutane su yi tsit. Babu kalangu, babu maroƙi, babu mai cewa a gaida na gaba. A Augusta ko wayar hannu ba a shiga da ita. Da za a kawo wannan doka Mafara, inda gaisuwa ɗaya ke ratsa gajiya da iyali da sanyi da labarin kasuwa, da kafin a kai rami na biyu an kori 'yan kallo duka, har da alƙalin.

A Najeriya Turawa ne suka shigo da wasan. Filin Rayfield na Jos, wanda ake dangantawa da 1913 zamanin haƙar kuza, shi ake lissafawa cikin mafiya tsufa. Akwai na Kaduna da na Kano, akwai na Ikoyi a Legas, inda aka daɗe ana gasar Nigerian Open. Sandy Lyle ya ci ta a 1978, Vijay Singh kuma a 1988 da 1989, duka kafin su zama gagarau a duniya. Saboda ƙarancin ruwa, filaye da dama a ƙasar nan yashi suke shimfiɗawa a bakin rami, a cuɗa shi da baƙin mai. Filin da ya fi suna yanzu shi ne na IBB a Abuja.

A nan ne ɗan Mafara ko Bakura ko Maradun yake haɗuwa da wasan, kuma ba ya kamuwa da shi sai muƙami ya samu. Alamomin cutar a bayyane suke. Da fari babbar riga za ta sauka, 'yar shat mai kwala ta hau, tumbi ya fito fili ya gaida jama'a. Hular zanna ta ba hana-salla wuri. Sai safar hannu guda ɗaya tak, wadda in tsohuwarsa ta gani za ta tambaya ko ciwo ya ji. Mutumin da a gida sai an tayar da mota za a kai shi masallacin da ke bayan katangarsa, shi ne zai taka kilomita shida ko fiye cikin rana yana murmushi, ya ce likita ne ya sa shi. Da a ce gona aka nuna masa mai wannan tsawo, da hawan jini ya tashi.

Doka ta yarda ɗan wasa ya riƙe sanduna har 14, sai dai ba shi ke riƙewa ba. Akwai yaro mai ɗaukar jaka, wanda shi ya san iska, ya san gangare, ya san sandar da ta dace, shi ne kuma ke cewa "Ranka ya daɗe, iska ce" duk lokacin da ƙwallo ta nufi daji. Dangin wannan yaro suna da yawa a ofisoshi. In ƙwallo ta ɓace, minti uku doka ta ba da a neme ta, daga nan an yi asarar ta. Takardar neman aikin ɗan ƙanen mai muƙamin, wadda ita ma ta ɓace, ta shekara uku ana nema.

Ƙwallon kanta ba ita ce muhimmiya ba. Tsakanin rami da rami ake maganar kwangila da takara da wanda za a ɗaga da wanda za a ajiye, shi ya sa ƙaramin jami'i mai hankali ba ya cin maigidansa ko da ya fi shi iyawa. Yakan kuskure ramin da gangan, ya yaba hannun manya.

Idan muƙami ya ƙare, jakar sandunan takan biyo kaya zuwa gida. Akan jingine ta a zaure wata biyu don baƙi su tambaya, daga baya ta koma ɗakin ajiya kusa da buhunan shinkafa. Doguwar sandar yara ke kaɗo mangwaro da ita, mai kan ƙarfen kuma tana bayan ƙofa saboda maciji.